Ni Na Tsiyaye Wa Nafisa Ido

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Gombe za su gane ni tun kafin su yi nisa da karatun nan, waɗanda ba su san ni ba kuma sunan ba zai ƙara musu komai ba. Abin da nake so ku sani shi ne na yi zaman gidan yari saboda na tsiyaye wa wata yarinya ido a filin ƙwallon hannu, kuma da gangan na yi jifar. Ku yaran da kuke ɗaukar kambas kuna tafiya tirenin da yamma, da ku nake magana.

A unguwar Hammadu Kafi aka haife ni. Mahaifina Bakatsine ne, yana da shagon atamfa a Kasuwar Gombe. Ni ce shiru-shiru a gidanmu. Idan aka aike ni sayen gishiri sai in tsaya a hanya ina kallon balbelu suna wucewa a sama, har sai Umma ta aiko a nemo ni. Ban taɓa faɗa da kowa ba. Ko kaza aka ce in riƙe za a yanka, kuka nake yi. A makaranta ina cikin na gaba-gaba, kuma idan damina ta sauka nakan zauna a bakin taga ina haɗa 'yan baitoci a kan ruwan sama. Ina faɗa muku wannan ne don kada wani ya ce ai dama can muguwa ce. Ba da mugunta aka haife ni ba. Koya na yi, kuma a gaban manya na koya.

Ina ajin farko na sakandare na shiga wani kulob na ƙwallon hannu na 'yan mata. Wani mutum ne ya kafa shi, kowa Koci yake ce masa, har iyayenmu. Abba bai so ba da farko, sai da ya je da kansa ya ga da dogon wando da ƙaramin hijabi ake wasa, sannan ya amince. Na so wasan nan sosai. Idan na yi tsalle da ƙwallo a hannu, kafin ƙafata ta dawo ƙasa, sai in ji kamar babu abin da yake da nauyi a duniya.

A kulob ɗin akwai wata al'ada da ake kira gashi. Duk yarinyar da ta shigo sabuwa, ranar da ta cika mako, idan an tashi daga tirenin Koci ya hau babur ɗinsa ya tafi, sai manyan 'yan wasa su tsayar da ita a tsakiyar raga. Za ta mayar da hannuwanta baya, su kuma su yi layi suna jifanta da ƙwallo ɗaya bayan ɗaya. Ba a kare jiki, ba a sunkuyawa, ba a rufe ido. Idan ta kauce, a sake daga farko. Wai ta haka ake cire wa yarinya tsoron ƙwallo.

Ranar da aka gasa ni, wata Bilki ce kyaftin. Ta ce, "Ke 'yar Katsina, hannu a baya!" Jifarta ta same ni a ƙirji, numfashina ya ɗauke, na durƙusa. Ta ce na sunkuya, a sake. Da na koma gida ina ɗingishi Umma ta tambaye ni, na ce faɗuwa na yi. Washegari na samu Koci yana hura ƙwallaye, na tsaya a gefensa na faɗa masa abin da aka yi min. Ko ɗago kai bai yi ba. Dariya ya yi ya ce, "Au, har an gasa ki? To yanzu kika zama 'yar wasa. Mu a zamaninmu da bulala ake yi."

Har yau idan na tuna dariyar nan sai in ji zuciyata tana tafasa. Babban mutum, mai 'ya'ya a gida, yarinya ta kawo masa kuka ya mayar da shi abin dariya. A ranar na fahimci abu ɗaya: a filin nan ba mai ceton kowa. Ko ka kasance a cikin raga, ko ka kasance a cikin layi.

Ba a daɗe ba aka kawo wata sabuwa, aka sa ni a ƙarshen layi. Da aka zo kaina na jefa a hankali, don na san zafinsa. Bilki ta riƙe ƙugu ta ce, "Wannan jifa ce, ko ƙwai kike miƙa mata?" Kowa ya fashe da dariya. Ta dawo min da ƙwallon. Na jefa da dukan ƙarfina, yarinyar ta fashe da kuka. Sai aka hau tafa min, wata ta dafa kafaɗata, aka matsa min wuri a kan bencin manya da ke ƙarƙashin darbejiya, inda ƙanana ba sa zama. Ga abin da na daɗe ina ɓoyewa: na ji daɗi. Na ji daɗin tafin nan fiye da duk wani yabo da malami ya taɓa yi min.

Daga nan abin ya yi ta tafiya kaɗan-kaɗan. Yau in karɓe wa ƙarama awarar da ta zo da ita, gobe in sa wata ta ɗauki jakata har bakin titi. Idan na ga safa mai kyau a ƙafar yarinya sai in ce aro, kuma ita ma ta san ba za ta dawo ba. Bakin nan nawa da yake haɗa baitoci sai ya koma laƙaba wa yara sunan banza. Na iya zaɓen kalma. Idan na sa wa yarinya suna, yana binta har makarantarsu, har unguwarsu. Akwai wata mai in'ina da na riƙa kwaikwayon maganarta duk lokacin da ta buɗe baki, har ta daina magana a fili, daga baya ta daina zuwa. Yara da yawa sun bar kulob ɗin a haka. Ba wanda ya taɓa bin ko ɗaya gida ya tambaye ta dalili. Koci cewa yake, "Raggaye ne, gara da suka tafi."

Da Bilki ta gama makaranta ta tafi, aka ba ni kyaftin. A lokacin ne na yi wa gashi ƙari. Nakan tsoma ƙwallon a bokitin ruwan da muke sha, in birgima shi a yashin da ke gefen simintin fili, sannan a yi jifa. Jiƙaƙƙen ƙwallo mai yashi ba duka kawai yake yi ba, yana kankare fata. Wannan ba Bilki ce ta koya min ba. Daga kaina ya fito, kuma na yi alfahari da shi.

A gida kuwa ba abin da ya canja. Ina gaishe da Abba a durƙushe, ina taya Umma tsintar shinkafa, ina zuwa Islamiyya. Idan baƙi suka zo Umma takan ce, "Wannan ai ko yatsa ka sa mata a baki ba za ta ciza ba."

A shekarar da na gama sakandare Nafisa ta shigo. 'Yar Kwadon ce, wani gari da ke kusa da Gombe, shekarunta ba su wuce goma sha biyu ba, siririya mai dogayen hannuwa. Mahaifinta manomin albasa ne. Tana zaune wurin goggonta a cikin gari saboda makaranta, ranar hutu kuma ta koma gida ta dawo a motar da ke ɗauko buhunan babanta. Hausarta tana da ɗan karin harshensu, kuma duk wadda ta girme ta Adda take ce mata, wato yaya. Ranar da ta dawo daga gida tufafinta suna ƙanshin albasa na toshe hanci na ce, "Wa ya shigo mana da buhu?" Daga ranar sunanta ya koma Buhun Albasa.

Gola take so ta zama. Da makonta ya cika muka gasa ta kamar kowa. Ta tsaya ƙyam, idanunta a buɗe, ƙwallo yana sauka a cinyarta da cikinta, ba ta motsa ba. Da layi ya ƙare ta karkaɗe yashin jikinta ta dube ni ta ce, "Adda, an gama?" Ba da raini ta faɗa ba, tambaya kawai ta yi. Amma ni kuka nake jira, kuma ban samu ba. Tun daga lokacin na tsane ta.

Yarinyar nan ta iya tsaron raga. Ba ta tsoron ƙwallo ko kaɗan, kamar tana ganin inda zai bi tun yana hannun mai jifa. Muna shirin zuwa wata gasa a Bauchi, Koci ya ce ita ce za ta tsare mana raga. Ta yi ta tsalle tana cewa ba ta taɓa wuce Gombe ba, za ta gaya wa babanta ya saya mata sabon kambas. Wata rana a tirenin na yi ta jifa tana tarewa, na canja kusurwa ta tare, na yi yaudara ta tare. Koci ya busa usur yana dariya ya ce, "Kyaftin, yau 'yar Kwadon ta rufe miki shago!" Duk filin ya ɗauki dariya, har ƙananan da ba sa iya haɗa ido da ni.

Sai na sa ta a gaba. Na hana kowa yi mata magana. Na ɓoye kambas ɗinta a saman raga ta koma gida da silifas ɗin aro. Na sa aka zuba mata ruwa a jakar littattafanta. Ta daure, ta daure, rannan dai ta je ta gaya wa Koci. Kun san abin da ya yi? Kirana ya yi, tana tsaye a wurin, ya ce, "Kyaftin, an kawo min ƙararki. Ku je ku sasanta kanku, ni ba alƙali ba ne." Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ya miƙa min ita da hannunsa, ya kuma gaya min cewa ita ce ta kai ƙara.

Dokar gashi ita ce sau ɗaya ake yi wa mutum. Da ƙarar babur ɗin ta yi nisa na ce yau za a sake gasa Buhun Albasa, don ta koyi riƙe bakinta. Ƙawata Zainab, wadda muke zama benci ɗaya tun muna ƙanana, ta ce, "Haba Kyaftin, an riga an gasa ta fa." Na ce, "Ke ma kina sha'awa ne?" Can sai ta ciro wayarta ta fara ɗaukar bidiyo, don mun saba ɗauka muna kallo muna dariya.

Nafisa ta ce, "Adda, me na yi?"

Na ce, "Hannu a baya."

Ta shiga raga ta mayar da hannuwanta baya. Ban ɗauko ƙwallonmu ba, na ɗauko na maza, wanda ya fi girma da tauri. Na tsoma shi a bokiti, na birgima shi a yashi har ya yi kauri. Sauran suka yi ta jifa a ƙafa da ciki, wasu ma da gangan suke kuskurewa, ina ganinsu. Ni ce ta ƙarshe. Na wuce layin da ake tsayawa, na matso kusa da ita. Na ce, "Ki buɗe idon da kyau, ba ke ce gola ba?" Na yi tsalle, na nufi fuskarta.

Ba ta rufe ido ba. Mu muka koya mata kada ta rufe.

Ba ta yi ihu ba da farko. Zama ta yi a ƙasa, ta sa tafin hannu ta rufe idonta na dama, jini da yashi suna bin tsakanin yatsunta. Ta ce, "Adda, ba na gani." Ni ɗin dai ta kira. Yara suka watse da gudu, wasu ko jakunkunansu ba su ɗauka ba.

Zainab ce ta kira Koci a waya. Da ya zo ya ga idon, sai da ya dafa ƙarfen raga. A cikin keke napep muna hanyar asibiti, Nafisa tana kwance a cinyata, ya juyo ya ce mana, "Ku saurare ni. A tirenin abin ya faru, ina tsaye a wurin, tsautsayi ne. Duk wadda ta faɗi wani abu daban ita ta sani." Abin da ya fara zuwa masa a rai ke nan, yarinya tana zubar da jini a gabansa.

Haka muka faɗa. Mahaifinta ya iso daga Kwadon da ƙasar gona a ƙafarsa, ya ji bayanin Koci, ya ce Allah ya ƙaddara. Har godiya ya yi min don ya ga ni ce nake riƙe da jakarta. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Na amsa da amin. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, amma yashi ya riga ya yayyaga idon. Suka ce ba zai ƙara gani ba. Nafisa kuma ba ta ce komai ba, don mun riga mun nuna mata abin da ake yi wa mai kai ƙara.

Mahaifiyar Zainab ce ta ga bidiyon a wayar 'yarta. Matar nan ba ta yi shawara da kowa ba, ta yafa mayafinta ta tafi asibiti ta nuna wa mahaifin Nafisa. A duk labarin nan ita kaɗai ce babbar da ta ga abu ta ce ba daidai ba ne.

Da safe 'yan sanda suka zo gidanmu, ina tsakar gida ina wanke kwanuka. Na cika shekara goma sha takwas, na kuma samu gurbin karatu a jami'a, har Umma ta fara haɗa min kayan tafiya. Abba ya fito yana cewa sun yi kuskuren gida. Suka nuna masa wayar. Ya kalla har ƙarshe, ya miƙa musu, ya koma ɗaki bai dube ni ba. Umma ta biyo mu har ƙofar gida ba ɗankwali tana cewa, "Wallahi ba halinta ba ne, ku tambayi kowa a unguwar nan!" Halina ne, Umma. Ke ce ba ki sani ba.

Abba ya tara dattawa suka je Kwadon neman sulhu. Mahaifin Nafisa ya shimfiɗa musu tabarma, ya saurare su, sannan ya ce, "Alhaji, da tsautsayi ne da na bar wa Allah, kuma na riga na bari. Amma na ga 'yarka tana dariya. Na kuma sa mata albarka da bakina ta ce amin."

A kotu aka kunna bidiyon. Na ji muryata tana cewa a buɗe ido, na ji dariyata. Ban gane muryar ba, amma tawa ce. Da aka kira Koci, ya rantse ya ce shi bai taɓa jin wani abu wai shi gashi ba, yaran ne suke yi a bayan idonsa. Na miƙe ina ihu ina cewa ƙarya yake yi, ni da kaina na gaya masa tun ina ƙarama, sai da aka zaunar da ni da ƙarfi. Ba wanda ya tambaye shi me ya sa kullum yake tafiya ya bar yara su kaɗai a fili. Aka rufe kulob ɗin, shi ya koma gidansa, ni aka yanke min hukunci aka wuce da ni gidan yari. Ban ce an zalunce ni ba. Hannuna ne ya yi jifar. Amma har gobe ina cewa ba ni kaɗai ya kamata in tsaya a gaban alƙalin nan ba.

Ɗakin da aka kai ni mata ne cunkushe, ga zafi, ga sauro, ga bokitin bahaya a lungu. Shugabar ɗakin, wata dattijuwa da ta daɗe a ciki, ta tambaye ni laifina. Da na faɗa sai wata da ke kwance ta tashi zaune ta ce, "Ni akuya na sata, kuma don yunwa. Ke da iliminki ido kika cire wa 'yar mutane? Me ta ci miki?" Me ta ci min? Ƙwallo ta tare.

A can ma akwai tasu al'adar: sabuwa ce take kwana kusa da bokiti, ita ce take kwashe shi da safe, kuma rabin tuwonta na manyan ɗaki ne. Na yi watanni a lungun nan. Da aka kawo wata yarinya bayana, aka ce min, "To, kin huta, miƙa mata bokitin." Na dubi yarinyar, sai na ji wani sanyi yana sauka a zuciyata, irin wanda na ji ranar da aka matsa min wuri a kan benci. Na tsorata da kaina. Ashe bayan duk abin da ya faru, abin nan yana nan a cikina da ransa. Na ce a bar min bokitin zan ci gaba. Suka ce na haukace. Ban yi don kirki ba, na yi ne don na san inda daɗin nan yake kai mutum. A lungun nan na fara tuba ta gaskiya, ba irin ta kotu ba da ake yi don a samu sassauci.

Da wa'adina ya cika Abba ne ya zo ɗaukata. Ya yi furfura, ya rame. Gurbin jami'a ya tafi, ƙawaye sun tafi, a unguwa idan na wuce sai mata su janye 'ya'yansu. Na roƙi Abba ya kai ni Kwadon. Ya ce in shirya.

Mun same ta a inuwar rumfa tana ware albasa, ta yi tsawo, da baƙin tabarau a fuskarta. Mahaifinta ya faɗa mana cewa ta riga ta bar makarantar cikin gari saboda yara suna kiranta mai ido ɗaya. Na durƙusa a gabanta na ce, "Nafisa, na zo neman gafararki. Ba ni da wata hujja."

Ta ci gaba da aikinta kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Adda, kin tuna ranar da na fara zuwa fili?"

Na ce ban tuna ba.

Ta ce, "Igiyar kambas ɗina ce ta kwance, ban iya ɗaurin 'yan wasa ba. Kika tsuguna kika ɗaure min. Da na koma na ce wa Goggo na samu yaya a kulob." Ta jefa wata ruɓaɓɓiyar albasa gefe. "Duk abin da kike min ina cewa gwada ni kike yi, don in zama gola mai kyau. Har ranar nan ma haka na zata."

Wallahi ban tuna na ɗaure mata takalmi ba. Abin da ita ta riƙe a zuciyarta, ni ko lura ban yi na yi shi ba.

Mahaifinta ya ce, "Nafisa, ta zo har gida, ki ce wani abu." Ta ce, "Baba, ban iya ba tukuna." Abba ya so ya sa baki, na riƙe hannun rigarsa. Haƙƙinta ne. Ba ta yafe min ba, kuma ba wanda ya isa ya matsa mata. Muka yi sallama muka taho.

Kwanan baya ina dawowa daga shagon Abba, inda nake taya shi yanzu, na bi ta gefen wani fili da yara maza suke ƙwallon ƙafa. An tashi daga tirenin, sun tsayar da wani ƙarami ya juya baya ya dafa gwiwa, suna layi suna buga masa ƙwallo. Mai horar da su yana gefe yana danna waya. Ban san lokacin da na shiga tsakiyarsu na ɗauke ƙwallon ba. Mutumin ya taso yana cewa, "Malama lafiya? Wasa suke yi. Ke wace ce?" Na ce, "Ni ce wadda ta tsiyaye wa yarinya ido a irin wannan wasan. Ka tambaya, an san ni." Na ce masa idan na ƙara gani gidan iyayen yaran nan zan bi ɗaya bayan ɗaya. Ya kore ni, amma ya sallami yaran, kuma na ga ya tsaya har na ƙarshensu ya fita.

To ku saurare ni. Kai ƙaramin da ake sa ka a tsakiya, ba jarumta ba ce ka yi shiru. Ka faɗa a gida. Idan wanda ka gaya wa ya yi dariya, ka wuce shi ka gaya wa wani, kada ka tsaya sai ka samu wanda ransa zai ɓaci. Duk wanda ya ce maka ta haka ake zama ɗan wasa, ƙarya yake yi. Nafisa ta iya tsaron raga tun kafin mu taɓa ta, ba abin da gashinmu ya ƙara mata.

Ke kuma da kike cikin layi kina jifa a hankali, kina kuskurewa da gangan, kina ce wa kanki ai ke ba ruwanki, da ruwanki. Ranar nan da mutum uku kacal sun fita daga layi sun ce ba za su yi ba, da ban yi jifar ba, don ni masu kallo nake yi wa. Zainab ta faɗa sau ɗaya ta yi shiru. Ki faɗa sau biyu, ki faɗa da ƙarfi, ki je ki tsaya kusa da wadda ke cikin raga.

Ku masu horar da yara, an ba ku amanar 'ya'yan mutane ne, ba ƙwallaye ba. Kada ka bar fili sai yaro na ƙarshe ya tafi. Idan yaro ya kawo maka ƙara, kada ka haɗa shi da wanda ya cuce shi ka ce su sasanta. Idan yaro ya daina zuwa, ka taka har gidansu ka ji dalili. Iyaye kuma, idan 'yarku ta dawo tana ɗingishi ta ce faɗuwa ta yi, ku zaunar da ita ku sake tambaya. Kada ku tsaya a kan ko ana cutar ta, ku binciki ko ita ce take cutar wasu, ko da kuwa ita ce mafi ladabi a gidan.

Ke kuma kyaftin, ke babba, ke da ake tafa miki, ke na fi jin tsoro, don na san daɗin da kike ji. Ba da ido ake farawa ba. Da awara ake farawa, da sunan banza, da dariya. Ki tsaya tun a nan. Kada ki ce ai ke ma an yi miki. Ni ma an yi min, kuma alƙali bai rage min komai ba saboda haka, bai kuma kamata ya rage ba.

Ni na gama zaman da aka yanke min, aka buɗe ƙofa aka ce in tafi gida. Nafisa tana Kwadon, kuma babu ranar da wani zai zo ya ce mata nata wa'adin ya cika.